Ɗakin yara na babban asibitinmu: yadda suka yi da ciwon ƙashin ɗan yayana

Masu tambayata a makaranta da gidajen biki ko ɗakin yara na babban asibitin yankinmu wurin zuwa ne, ga amsata a dunƙule: wurin zuwa ne, kuma a je da wuri. Sai dai a tafi da kuɗin magani a ƙulle a bakin zane, a tafi da biro da takarda, kada kuma a ji kunyar tambaya, domin rabin jinyar a gida ake ƙarasa ta bayan sallama, kuma a nan ne asibitin yake sakin hannun mutum. Ba zan kama sunansa ba tunda akwai yabo akwai ƙorafi a bakina. Asibitin gwamnati ne a nan Jigawa, irin wanda daga ƙauyenmu sai ka hau babur zuwa bakin titi, sannan ka jira mota ta cika.

Ni malamar firamare ce. Yaron ɗan yayana ne, shekararsa 7, kuma ni na yi jinyarsa saboda uwarsa tana jego. Da ɗingishi da zazzaɓi abin ya fara. Ƙasan gwiwarsa ta dama, daidai inda ƙwauri ya soma, wurin ya ɗau zafi, ko yatsa ka ɗora sai ya ƙwalla ihu. Da yake kullum suna buga ƙwallo a filin makaranta, kowa ya ce targaɗe ne. Yaya ya sayo maganin maleriya da 'yan kafso ja da baƙi a kemis, Inna kuma ta ce a kai shi wurin mai ɗori. Mai ɗorin, Allah Ya saka masa, ya laluba ƙafar ya ce shi bai ji karaya ba, bai ji gocewa ba, kuma targaɗe ba ya sa jikin yaro ya yi rau haka, a wuce asibiti. Ba kowane mai ɗori ne zai bar kuɗi ya wuce shi ba. Na ga yaron da aka ɗaure wa kara a kan irin wannan kumburin, zan zo kansa.

Wurin yankar kati ba abin da zan yaba. Layi ɗaya ne ga mai mura da wanda aka ɗauko a kafaɗa, kuma mai ba da katin ba ya ɗaga kai ya dubi kowa. Wata nas ce da ta zo wucewa ta ga yaron ya ƙi yarda ƙafarsa ta taɓa ƙasa, ta taɓa goshinsa, ta ce mu biyo ta. Sa'a muka ci, ba tsari ne ya kai mu gaban likita da wuri ba.

Likitan matashi ne, da ganinsa bai daɗe da fara aiki ba, har Yaya ya ɗan yi masa kallon raini. Ya danna wurin, ya juya gwiwar a hankali, ya tambaya ko yaron yana da sikila, ko ya yi maruru kwanan nan, sannan ya rubuta gwajin jini da hoto. Hoton ya fito tas, ƙashi lafiyayye. Yaya ya yi hamdala har ya fara naɗe tabarma. Likita ya ce, "Malam, ku ɗan dakata. Wannan ciwon ba ya fitowa a hoto sai ya kwana 10 zuwa 14 yana cin ƙashin. In muka jira hoto ya nuna mana, mun makara." Ya ce akwai na'urar da ke ganinsa tun farko, MRI, amma sai manyan asibitoci irin na Kano, kuma ba ya buƙatarta kafin ya fara magani. A ranar aka ba mu gado. Wannan shi ne babban abin da nake yaba wa wurin: ya yarda da abin da hannunsa ya taɓa, bai fake da hoto ya sallame mu da farasitamol ba.

Da na matsa masa da tambaya, bai ƙosa ba. Ya ce ƙwayar cuta ce, kuma galibi sitafilokokas ce, ita ɗin dai da ke kawo maruru. Tana shiga jini ta wani ƙurji ko ƙwarzane, wani lokacin ma ba a ganin ta inda ta shiga, sai ta je ta maƙale a ƙarshen dogon ƙashi, kusa da inda ƙashin yake tsawo, saboda a nan jini yake tafiya a hankali. Shi ya sa ta fi kama yara, kuma ta fi son kusa da gwiwa. Mugunya tana taruwa a cikin ƙashin ba ta da mafita, ta matse hanyoyin jini, in aka bar ta sai wani ɓangare na ƙashin ya mutu. Duk gaggawar da yake yi, ya ce, don a riga wannan ne.

Aka auna nauyin yaron, aka sa masa kanula, 'yar robar nan da ake bari a jijiya don allura, a bayan hannu, aka fara allurar kuloksasilin ta jijiya duk bayan awa 6. A nan ƙorafina na farko yake. Ɗakin magani na asibitin ya ba mu na ranar farko, washegari aka ce ya ƙare, aka miƙo mana takarda mu je kemis ɗin bakin ƙofa. Su kuwa masu kemis na bakin ƙofa sun san ba ka da zaɓi. Maganin kyauta da ake yi wa mata masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5 bai haɗa da namu ba, ya wuce shekarun. Ƙorafi na biyu, allurar dare. Ma'aikatan dare ba su da yawa ga ɗaki guda cike da yara, kuma duk wanda numfashinsa ya sarƙe shi za a fara bi, wannan na fahimta. Amma allurar da aka ce awa 6 takan koma awa 8 in mai jinya ba ta tashi ta je ta yi sallama a teburinsu ba. Ni ina zuwa. "Sista, a yi haƙuri, lokacin allurar gado na kusa da taga ya yi." Wata takan taso da fara'a, wata sai ta ja tsaki tukuna. Akwai guda ɗaya, dattijuwa, da take rubuta lokacin allura ta gaba a jikin filastar da ke riƙe kanula, yadda ko uwar da ba ta karanta takardar gado za ta iya nuna wa wani ya duba mata. Ina ma a ce duk haka suke yi.

Ba a yi masa gwajin noman ƙwayar cuta daga jini ba, wanda ke nuna ainihin ƙwayar da maganin da ke kashe ta, don ba a yinsa a wurin. Likita ya ce ko da ana yi, kafson da ya riga ya sha a gida na iya hana ƙwayar fitowa a gwajin. Saboda haka da ƙwayar da ta fi yawan kawo ciwon ya yi lissafi, ya kuma zuba ido ya ga yadda jiki zai amsa. Abin da yake dubawa kullum in ya zo zagaye ba shi da yawa: zazzaɓi ya sauka ko bai sauka ba, zafin wurin ya ragu, yaron ya fara yarda ya taka. Sai wani gwajin jini, CRP, wanda muka yi a wani ɗakin gwaji na kuɗi a cikin gari. Lambarsa tana hawa in jiki yana fama da irin wannan cuta, tana kuma saurin sauka in magani ya kama. Aka yi a farko, aka sake bayan 'yan kwanaki, ta biyun ta faɗi ƙasa sosai.

Kafin mako ya zagayo likita ya ce za a cire kanula a koma kafso, in ya sha ya zauna masa kwana ɗaya ko biyu, mu tafi gida. A ranar Inna ta zo dubiya da fura a ƙwarya, ta ji wannan magana, ranta ya ɓaci. "Ɗan nan, ciwon da ke cikin ƙashi za ka ce ƙwaya? Ai allura ta fi shiga jiki. Ko don kun ga mu mutanen ƙauye ne kuke son gadonku?" Ya yi dariya ya rusuna. "Inna, da can gaskiyarki ne, har mako 6 ake riƙe yaro ana yi masa allura. Amma an gwada an gani, in yaro ya fara samun sauƙi, maganin baki yana kaiwa ƙashi, matuƙar an ba shi isasshe kuma a kan lokaci." Ya ambaci wani bincike da aka yi a ƙasar Finland. Ni da ba na barin magana ta wuce ni, daga baya na nemi labarinsa a waya. An wallafa shi a 2010. Yara 131 ne, daga 'yan wata 3 zuwa shekara 15. Allurar jijiya kwana 2 zuwa 4 kawai aka yi musu, sannan aka koma na baki, wasu aka cika musu kwana 20, wasu 30, kuma ba a ga bambanci a warkewarsu ba. Likitocin yara na Amurka su ma a ƙa'idar da suka fitar a 2021 sun ce mako 3 zuwa 4 ya isa ga yaron da ciwonsa bai rikice ba kuma ya amsa magani da wuri.

A wannan gardamar ina bayan likita, kuma ba don Turawa sun faɗa ba. Wanda ya kwana a ɗakin ya san abin da kanula take yi wa hannun yaro. Tana toshewa, wurin ya kumbura, a cire a nemi wata jijiyar, yaro yana kuka ana danne shi. Ga kuɗin allura da sirinji da ruwan haɗawa, ga abincin mai jinya, ga gona da aka bari a tsakiyar damina. Mako 6 a kan wannan gadon, iyalai da yawa ba za su kai ba, za su sa hannu su ɗauke ɗansu a mako na biyu su koma gida ba allura ba ƙwaya. Gara a sallame su da magani a hannu da sanin ranar gamawa.

To amma namu ba kwana 20 aka rubuta masa ba, mako 4 aka rubuta, ana ƙirgawa daga ranar allurar farko. Na tambayi dalili. Ya ce, "Malama, yaran can ana kawo su tun ciwon yana sabo, an san ƙwayar da ta kama su, kuma in wani abu ya taso gobe suna asibiti. Naku ya ɗan kwana biyu a gida, ban ga ƙwayar da idona ba, kuma ƙauyenku da nisa." Ya ƙara da cewa littafin Hukumar Lafiya ta Duniya na kula da yara a asibiti, bugun 2013, mako 5 ma ya rubuta. Wannan amsar ta kwanta mini fiye da a ce ya ba ni lamba ɗaya ya ce ita ce ga kowa. Kuma ɗakin da kansa ya nuna mini haka, don mu uku ne masu ciwon ƙashi a jere, kowa da nasa lissafin.

Gadon da ke kusa da namu wata yarinya ce mai sikila. Uwarta ta saba da ciwon ƙashin da ke taso mata lokaci lokaci, shi ya sa ta ɗauka shi ne, ta yi ta ba ta maganin zafi da ruwa. Ko likitoci, in ji namu, suna shan wuya kafin su bambance tashin sikila da ƙwayar cuta a ƙashi. A masu sikila kuma ba sitafilokokas kaɗai ake tsoro ba, har da salmonela, dangin mai kawo taifot, don haka allurarta daban ce da tamu, seftiriyazon ake yi mata. Ta riga mu zuwa, mun bar ta a can, kuma mako 6 aka ce mata, in jiki bai gamsar ba a ƙara. Haka likita ya ce jariri sabon haihuwa ma ba a yi masa gajeren lissafi, da wanda ciwon ya kama ƙashi fiye da ɗaya, da wanda ƙwayarsa ta ƙi jin maganin farko.

Na ukun shi ne wanda har yanzu nake tunawa in na ga yaro yana ɗingishi a aji. Ɗan shekara 10 ko sama, daga wani ƙauye can wajen iyaka. Tun bara ƙwaurinsa ya kumbura, aka yi ɗori, aka yi sakiya, wurin ya fashe ya zama rami, mugunya tana tsiyaya, ta tsaya, ta dawo. Kakarsa ta kwance ƙullin leda ta nuna mini fankon kafso iri iri, duk ranar kasuwa sai an sayo na abin da aka samu, ya sha kwana uku ko huɗu, ramin ya ɗan bushe, a bari. Shi hotonsa ya nuna komai, har ni da ba likita ba na ga guntun ƙashin da ya mutu a ciki. Likita ya ce jini ba ya zuwa mataccen ƙashi, magani kuwa a jini yake tafiya, don haka ko buhu guda na kafso ya shanye ba zai kai wurin ba, sai an yi aiki an cire. Kamar gara ce a cikin dirkar rumfa, waje lafiya, ciki an gama da shi. Aka rubuta musu takarda zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano. A nan ma na yaba musu, ba su riƙe shi suna cin kuɗin gado a kan abin da ya fi ƙarfinsu ba. Kakar tana ta lissafin kuɗin mota da yatsu.

Yanzu ga inda suka gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. Ranar sallama takardar da aka ba mu rubutun likitoci ne da ko ni malama ban iya karantawa ba. Na ɗakin magani ya zana layi huɗu a jikin leda ya ce "sau huɗu a rana," ya kira na gaba. Bai ce har zuwa yaushe ba. Bai ce a ba da tazara tsakanin magani da abinci ba, alhali kuloksasilin ya fi shiga jiki in ciki ba komai, awa ɗaya kafin abinci ko awa biyu bayansa. Kuma abin da ya ba mu na mako ɗaya ne, sauran a nema a waje. Ka ɗauki uwar da ba ta yi boko ba, an miƙa mata leda ta mako ɗaya, ɗanta ya tashi yana gudu kafin ledar ta ƙare. Me zai sa ta san cewa saura mako biyu? Duk ƙoƙarin da likita ya yi a zagaye, a wannan tagar yake zubewa. Ni sai da na koma na tare shi a baranda na ce, "Likita, don Allah rubuta mini ranar da zai sha na ƙarshe, da lambobi manya." Ya rubuta, ya kuma lissafa mini yawan kafson da ya rage gaba ɗaya. Abin da bai ɗauke shi minti biyu ba, kuma ya kamata a ce kowace uwa an yi mata ba sai ta roƙa ba.

Masu ƙananan yara da aka ba sirof nasu ya fi wuya. Garin magani ne a kwalba, sai an zuba tafasasshen ruwa da ya huce zuwa layin da aka shata, kuma da zarar an haɗa, kwanakinsa ƙirgaggu ne, yana kuma son sanyi. Mu da wuta ba ta zuwa garinmu, wannan magana ce babba. Dattijuwar nas ɗin nan ce na ji tana gaya wa wata kada ta haɗa kwalaben duka lokaci ɗaya, ta gama ɗaya sannan ta haɗa ta gaba, ta kuma ajiye ta a gindin randa, ba a taga ba. A taga ta ɗakin magani ba wanda ya faɗi haka.

A gida na tsara lokutan 5 na asuba, 11 na safe, 5 na yamma, 11 na dare, na zana gidaje a bayan kalanda muna sokewa. Koko sai gari ya waye sosai, tuwon dare bayan magariba, komai ya zauna daidai. Na 11 na dare ne wahala, yaro cikin barci ana cusa masa kafso. Yaya ya sayar da akuya muka sayi sauran maganin a dunƙule a wani babban kantin magani a cikin gari, na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kowane kwali. Na nace a saya a dunƙule ne don na san halinmu, in aka ce kullum kasuwa a sayo kaɗan, wata kasuwar ba kuɗi. Kuma abin da na ji tsoro ya zo. Ana shiga mako na uku yaron ya koma tsere da 'yan'uwansa, sai ga Inna: "Ke, yaron nan ya warke, a adana sauran mana ko wani zai buƙata." Yaya bai ce komai ba, amma na ga idonsa a kan kwalayen. Na ɗauko takardar likita na nuna musu ranar, na kuma ba su labarin ramin ƙwaurin yaron can. Ya ɗan yi zawo a tsakiya, ba mai yawa ba. An riga an gaya mini in ƙuraje suka feso masa, ko fuska ta kumbura, ko zawon ya yi tsanani, ko zazzaɓi da zafin ƙafar suka dawo, kada mu jira ranar komawa.

Sauran abubuwan ɗakin ba sai na ja ba. Ana share shi safe da yamma, akwai fitilar sola da dare, famfo yana kawo ruwa da safe kawai, don haka a tafi da bokiti da jarka. Banɗakin masu jinya sai haƙuri. A tafi da gidan sauro, nasu duk sun yage. Girki a bayan ɗaki ake yi da gawayi, kuma matan da ke wurin suna da kirki, ba wadda za ta ci ta bar ki.

Da muka koma bayan ya shanye maganin, wani likitan muka tarar, kuma an nemi fayil ɗinmu an rasa. Takardata ce ta fitar da mu, don a jikinta na rubuta ranar da aka fara allura, ranar da aka koma kafso, sunan maganin, da lambobin CRP guda biyu. Ya karanta, ya sa yaron ya yi tafiya zuwa ƙofa ya dawo, ya tsuguna ya miƙe, ya danna wurin bai ji zafi ba, ya ce a tsaya da magani haka. Ya ba mu wata ranar bayan an cire riɗi, ya ce za a sake hoto a kuma gwada tsawon ƙafafun biyu, tunda ciwon ya zauna kusa da inda ƙashi yake girma, kuma in ya taɓa wurin ba a ganewa sai yaro ya ƙara tsawo. Na ce masa a buɗe mana sabon fayil tun yau, ya aika aka buɗe, sai dai kuɗin katin mu muka sake biya.